Inda Za Ka Kafa Ƙarin Fitilu a Akori-Kurarka Don Bazawara Ta Gane Kana Son Ta

Kai da ka tsufa, matarka ta riga mu gidan gaskiya, kuma kwanan nan kake jin ƙirjinka yana bugawa in ka wuce ƙofar wani gida, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi abin da zan jera maka, kafin ƙanƙara ta narke za ka samu mata, ko kuwa ka samu motar da ta fi kowace mota haske a arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Ɗaya daga ciki ba zai kuɓuce maka ba.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ni Verna ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban taɓa riƙe sifana ba sai don in buɗe gwangwanin da ya ƙi. Amma tagar falona tana kallon titi, ina da madubin hangen nesa da na saya don kallon tsuntsaye, kuma tsuntsaye ba sa zama a garin nan da hunturu. To me kake so in kalla? Babu motar da ban san fitilunta ba, babu kuma ƙofar da ban san wa ke tsayawa a gabanta ba.

Duk darasin nan a kan Arvid na koye shi, ƙanin marigayi mijina, mutumin kirki mai hannu kamar faranti da baki kamar an ɗinke. Wadda yake so kuwa aminiyata ce Marlys, da gidanta ke tsallaken titi, daidai saitin tagata. A lokacin kaka, Marlys ta ce ta gaji da sanyi da zaman kaɗaici, za ta sayar da gida ta koma wurin 'yarta a Arizona, inda ake rana. Dillali ya zo ya kafa allon sayarwa a bakin ƙofarta. In gidan ya sayu, Arvid ya rasa ta har abada, ni kuma na rasa wadda nake bugawa waya in ce, "Leƙa taga maza." Ka riƙe allon nan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na ɗaya: Kada ka buɗe baki

Wannan shi ne tushe. Namijin garin nan ba ya ce wa mace yana son ta. Abin da yake yi, ya ɗaura garmar ture ƙanƙara a gaban akori-kurarsa, ya je ya share mata hanyar shiga gida ba tare da ta roƙa ba, ya gudu kafin ta sa takalmi. In ta amsa, za ta aiko masa da kwanon gasasshen dankali da nama. In ya dawo da kwanon da kansa, a wanke, to sai fasto ya fara duba ranar da coci babu kowa. Haka aka auro ni, haka aka auro uwata, kuma babu wadda ta ji kalma ɗaya mai daɗi a cikinmu.

Arvid ya share wa Marlys ƙofa duk hunturun bara. Kwano bai zo ba. Na tambaye ta, cikin dabara, ko ta san mai yi mata wannan alheri.

"Ina jin 'yan kwamitin coci ne," in ji ta, tana zuba mini kofi. "Allah ya saka musu."

Na kai wa Arvid wannan labari da ɗuminsa. Yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai nake gani.

"Kai tsohon banza, coci ta cinye maka lada. Tashi ka je ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Cewa kai ne. Cewa kada ta tafi."

Can sai murya ta fito daga ƙasa: "Matsalar, Verna, duk motocin garin nan kamarsu ɗaya a duhu. Fitila nake buƙata."

Ka ji hikima? In aka ce ka yi magana, ka ce fitila kake buƙata. Ka kwaikwaye shi.

Mataki na biyu: Ka kai maganar shagon kofi

Ka sayo fitilun, amma kada ka yi gaggawar kafawa. Ka ɗauki ɗaya a hammata ka shiga shagon kofi inda tsofaffin ma'aikatan ramin ƙarfe ke zama tun safe, ka aje ta a kan tebur tsakanin kofuna, ka ce, "Ina ya kamata?" Shi ke nan, ka samar wa maza aikin wata guda.

Toivo makanike, wanda shi ya sayar wa Arvid fitilun, ya ce a sama.

"A sama? Don ya haska wa jirgin sama hanya?" in ji wani. "Ƙasa ake sa fitila, ɗan'uwa, inda hanya take."

"Kai da ka taka barewa da rana tsaka kake koya mana gani?"

"Ita ta taka ni! Ina tsaye ta zo!"

"To ita ya kamata a saya wa fitilar."

Ina teburin baya ina ji, kunnena ɗaya a nan, ɗayan a wajen matar mai kantin magani. Babu wanda ya tambayi Arvid me zai haska. Maza ba sa irin wannan tambaya, suna ganin rashin kunya ce. Suna cikin gardamar nan ganye ya gama zuba, tafki ya daskare, wasu baƙi suka zo suka zagaya gidan Marlys suna ƙwanƙwasa bango. Ka lura: duk shawarar da za ta hana ka ƙwanƙwasa ƙofar mace, shawara ce mai kyau, ka nemi ƙari.

Mataki na uku: Ka fara da bamba

Ka kafa manya biyu a kan bamba, ƙasa-ƙasa. Amma sharaɗi, ka yi aikin tun garma tana jingine a bayan gareji, don kada ka tuna da ita. Ka gwada su da magariba a kan bangon maƙwabci, ka yi murmushi, ka kira Toivo ya zo ya yaba.

Ranar da ƙanƙarar fari ta sauka, ka ɗaura garmar. Za ka ga ta tsaya ƙiƙam a gaban fitilun, ta rufe su ruf.

Na ga Arvid ya nufo titinmu a ranar. Na rantse ban taɓa ganin bayan garma da ya sha haske irin wannan ba. Kowace tsatsa, kowace ƙusa, har tsohuwar sheƙar tsuntsu da ke maƙale a lungu, duk sun fito tar. Titi kuwa duhu. Shi yana ciki yana lumshe ido kamar mai kallon walda. Ya share ƙofar Marlys da lalube, ya tafi da rabin shingen furenta.

Washegari ta ce mini, "Idon 'yan kwamitin nan ya fara lalacewa."

Kada ka cire fitilun bamban. Namiji ba ya cire abin da ya riga ya ɗaure. Ƙari ake yi.

Mataki na huɗu: Ka koma gefen madubi

Wannan ne matakin da na fi so, kuma da ni ce hukuma da na wajabta shi a kan kowa. Ka ɗaura ƙanana biyu a gindin madubin gefe, ka karkatar da su waje, ɗaya dama ɗaya hagu. Toivo zai ce maka don ganin barewa ne kafin ta faɗo titi. Ba ƙarya ya yi ba, amma a cikin gari barewa ba ta da yawa, tagogi ne da yawa.

A wucewa ɗaya da Arvid ya yi lokacin cin abincin yamma, na ga abin da na yi shekaru ina nema. Na ga fasto a bayan coci yana zuƙar taba, shi da ya ce ya daina tun bikin Ista. Na ga Toivo a garejinsa yana cusa naman da likita ya hana shi, yana waiwaye. Na ga motar mai kawo gas a inda babu tukunyar gas, ba zan faɗi gidan ba, amma ƙofar shuɗiya ce. Nan take na jawo waya kusa.

Sai motar ta iso ƙofar Marlys, hasken ya faɗa kicin ɗinta kai tsaye. Ga ta nan tsaye, gashi a naɗe da robobi, fuska shafe da farin mai, sanye da dogon wandon sanyi na marigayi mijinta, tana cin kek da cokali daga cikin faranti. Ta daskare. Shi ma ya daskare. Da yake ya rasa abin yi, sai ya ɗaga mata yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwar da ake yi wa kowa a hanya.

Ta ja labule da ƙarfin da sandar ta faɗo.

"To yanzu dai kin ga ko waye," na ce mata a waya.

"Na ga me? Haske na gani kamar ranar tashin ƙiyama. Ko waye, ba shi da tarbiyya."

Darasi a nan: fitila tana nuna wanda aka haska, ba ta nuna mai haskawa. Ban gaya wa Arvid wannan ba, domin ina son ya sake bi ta ƙofar shuɗiyar nan.

Mataki na biyar: Ka hau rufi

Yanzu ka ce matsalar rashin tsawo ne. Ka sayo doguwar fitilar nan mai kama da sandar rake, ka hau kan mota, ka huda rufin da hannunka. Kada ka toshe gefen ramukan, wannan aikin masu tsoro ne. In mota ta ɗumama, ƙanƙarar da ke sama za ta narke ta riƙa ɗiga maka a tsakar kai, abin da zai hana ka gyangyaɗi. Arvid ya koma tuƙi da murfin tukunya a ƙarƙashin hularsa, murfina ne ma, har yau bai dawo ba.

Kada kuma ka auna ƙofar garejinka. Ita za ta auna ka. In ka ji ƙara daga sama, ka ja da baya, ka sayo wata.

Ga abin da babu wanda ya faɗa a shagon kofi, ko da yake duk sun sani: fitilar sama da ƙanƙara mai sauka ba sa shiri. Hasken yana dukan bonet ya dawo maka a ido, ya daki kowace ƙwayar ƙanƙara da ke gaban gilashi, sai ka ga kamar an zuba ka a cikin kwanon madara. Ba gaba, ba gefe. Sai dai ka yi tuƙi da zuciya.

Zuciyar Arvid kuwa ba ta iya lissafin ƙofa ba. Gidajen titinmu kamfanin haƙar ƙarfe ne ya gina su tun zamanin kakanninmu, duk fasali ɗaya. Ya zo da asuba cikin madararsa, ya karya kwana, ya share hanya tas, har ya fito da shebur ya gyara matakala ya barbaɗa gishiri. Ina taga ina ta kaɗa masa tawul. Ƙofar Bernice yake sharewa, maƙwabciyar Marlys.

Bari in gaya maka Bernice. Ta binne maza biyu, dukansu da ƙiba da murmushi, kuma ta daɗe tana cewa gidanta ya yi mata faɗi. Kafin rana ta yi tsaka tana ƙofar Arvid da kwano a naɗe cikin tawul, jan baki har kan haƙori.

"Arvid, ɗan albarka, ashe haka kake? Shiru-shiru, ashe da magana a cikinka."

"Am, Bernice, wato fitilar ce..."

"Na gan ta! Duk garin nan babu mai irinta. Na ce wannan haske nawa ne. Ci, ci, ka rame."

Ya ci. Me zai yi? An taɓa mayar da kwano da abinci a ciki? Ranar Lahadi ta matsa masa wuri a bencinta a coci, ya zauna kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Kafin a gama waƙar rufewa mata sun yanka musu kek ɗin biki a baki. Ni ban faɗa wa kowa ba, in ban da mutum huɗu ko biyar da na san suna da riƙon amana.

Marlys ma tana cocin. Ta fita ba ta tsaya shan kofi ba. Da yamma ta kira ni.

"Na ce wa dillali ya karɓi tayin mutanen nan. Asabar za su zo a sa hannu. Ki zo ki taya ni ɗaure kaya."

Na aje waya, na zauna. A ranar ko madubin ban ɗauka ba.

Mataki na shida: Ka sa wasu suna kallon baya

Wannan gajere ne. Ka kafa biyu a bayan kan mota, suna kallon bodi. Amfaninsu, duk abin da ka riga ka take za ka gan shi sosai.

Na sami Arvid yana ɗaure su, kwanon Bernice yana kan kujerar gaba, a wanke, ya kwana uku yana yawo da shi ya rasa yadda zai yi. In ya mayar da kansa, ya yi aure. In ya riƙe, ya zama ɓarawo.

"Ba ni nan," na fizge. "Ni zan mayar, in ce kana da ciwon suga da minshari. Arvid, Asabar za ta sa hannu. Ka ji ni? Ƙafa gare ka, ƙofa gare ta."

Ya daɗe yana juya ƙusa a hannu. Idonsa ya yi ja, na ɗauka yau dutse zai tsage.

"Kina ganin," in ji shi, "in na haɗa wayoyin duka a kan makunni ɗaya?"

Na bar wurin kafin in yi abin da za a kira mini fasto.

Mataki na bakwai: Ka kunna duka

Ka jira ranar da sama ta ɓalle. Mu tamu ta zo ranar Juma'a, jajibirin sa hannu. Tun la'asar gari ya yi duhu, ƙanƙara tana zuba kamar ana zazzage buhu. Ina kicin ɗin Marlys muna naɗe kofuna da jarida, rediyo yana kunne.

Sai ga gari ya waye ta taga.

Na ce maka gari ya waye. Karnuka suka hau haushi. Wani zakara a bayan layi ya yi cara. Bamba, madubi, rufi, baya, har da 'yan tsofaffin fitilun garmar, duk a kunne, abin yana tafowa a hankali kamar an ɗora filin ƙwallo a kan taya. Daga baya yara suka ce sun gani daga tsallaken tafki.

Mutumin da ke ciki kuwa ba ya ganin ko hannunsa.

Wannan karon ya ƙirga akwatunan wasiƙa da kunne, ta hanyar jin ƙarar kowanne da garma ta goga, don haka bai ɓata gida ba. Ya karyo kwana, ya sauke garma, ya taka mai. Sai dai ba hanyar ya saita ba, farfajiya ya saita. Muna kallo garma ta ɗauki allon dillali da sandarsa da hoton dillalin yana murmushi, ta tura shi gaba, ta cusa shi cikin tudun ƙanƙara, ta ƙara masa wani tudun a kai. Mota ta hau, ta tsaya da hanci a sama. Ya ja garmar ta ɗago, batir ya ce shi kam ya gaji. Fitilu suka yi ja, suka yi ruwan toka, inji ya yi tari sau ɗaya. Ɗif.

Ban taɓa jin shiru mai daɗi irin wannan ba.

Mataki na takwas: Yanzu ba ka da fitila, sai ka ƙwanƙwasa

Ya daɗe a cikin motar. Na san lissafi yake, ko ya mutu da sanyi ko ya yi magana, kuma na san lissafin ya yi kusa. A ƙarshe muka ji takunsa a matakala.

Marlys ta buɗe. Ga shi tsaye, ƙanƙara har gira. Ya cire hula don ladabi, murfin tukunyata ya faɗo ya gangara cikin falo yana kiɗa.

"Marlys."

"Arvid."

"Ana ɗan sanyi."

"Ana yi. Ka ɓata hanya ne? Gidan Bernice na gaba."

"A'a. Nan na zo." Ya kalli takalminsa. "Ko kina da wayar haɗa batir?"

"Na ɗaure ta a kwali. Shigo ka rufe mini ƙofa, ba titi nake ɗumamawa ba."

Ya shigo ya tsaya a kan tabarmar goge ƙafa, yana narkewa. Ta harɗe hannu.

"Ka ture mini allo."

"Na ji ƙarar wani abu."

"Gobe masu saye za su zo, ka binne allon, ka dasa mota a farfajiya. Tambaya ɗaya zan yi maka, Arvid Lahti, kuma ka dube ni. Da gangan ka yi?"

Ina bayanta ina gyaɗa masa kai har wuyana yana ƙara. Ka ce e! Ka ce e, jakin Allah! Ƙarya ɗaya tak, ƙarama, wadda ko fasto zai sa mata albarka. Na ɗaga kofi ina nuna masa zan jefe shi.

"A'a," in ji shi. "Ban gan shi ba. Ba na ganin komai a cikin motar nan tun watan jiya."

Na dafa kujera. Marlys ta saki hannunta, ta juya za ta koma wajen kwalayenta.

"Amma da na gan shi," in ji Arvid, muryarsa kamar ana jan tebur, "da na ƙara wuta."

Ta tsaya. Rediyo yana ta faɗin hanyoyin da aka rufe. Ni ko numfashi na ƙi yi, kada wata kalma ta wuce ni.

"To," in ji Marlys, ba ta juyo ba. "Ashe akwai harshe a ciki."

"Ni ne nake share miki ƙofa. Tun bara. Ba coci ba ce."

"Na sani."

"Kin sani?" Ni da shi muka faɗa tare.

"Salansar motarka ta fashe tun kafin mijina Walt ya rasu. Kurma ma ya san zuwanka. Me zan yi da fitila?"

Na ce, "Ke Marlys! Kika dubi idona kika ce 'yan kwamiti?"

"Verna, da na gaya miki, da garin nan ya ji kafin kofinki ya huce."

Wannan ƙazafi ne, amma na bar shi saboda ranar farin ciki ce.

"To me ya hana ki aiko kwano?" in ji Arvid.

"Na aika wa Walt kwano, na zauna da shi shekara da shekaru ina jiran ya ce wani abu, har aka rufe shi bai ce ba. Na ce wannan karon sai na ji da kunnena, ko in tafi inda ake rana. Cire takalmin nan, kana jiƙa mini ƙasa. Verna, kwance kofuna uku." Ta dube ni. "Biyu. Ke dare bai yi miki ba?"

Ko ƙarfe shida ba a yi ba. Na tafi, amma a hankali, kuma ban ja ƙofar ta rufu sosai ba.

Mataki na tara: Ka tambayi mai gidan

Da safe Marlys ta kira dillali ta ce ta fasa. Ya ce ina allonsa, ta ce ya dawo da bazara. Toivo ya zo ya janye motar yana dariya har da riƙe ciki. Kafin ya ja, Marlys ta fito da mayafi a kafaɗa, ta zagaya akori-kurar tana duba fitilun ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kaza a kasuwa.

"Duk ka cire su," ta ce wa Arvid. "Ka toshe ramukan nan kafin ƙwaƙwalwarka ta jiƙe. Wannan doguwar ta sama kuma, kawo ta."

"Ina za a kafa?" in ji shi. Tambayar da ya yi wa kowa a garin nan ban da ita.

Ta nuna saman ƙofar garejinta. "Can. Don ka ga inda za ka riƙa aje mota."

To ka ji amsar da ka biyo ni tun daga sama kana nema. Wurin da ya fi dacewa da ƙarin fitilar akori-kura shi ne bangon gidan matar, kuma ita za ta nuna maka.

Ya hau tsani, tana ƙasa tana ba da umarni. "Ɗan ɗaga. Karkata hagu. Ƙara. Ƙara kaɗan. Yawwa, ɗaure a nan." Ina taga ina share hawaye da gefen labule, ina cewa Allah sarki, dubi yadda take kula da shi.

Sai da magariba ta yi suka kunna na gane. Saitin tagata ta sa ya yi. Daidai kujerata. Tun daga ranar, da duhu ya shiga, in na ɗaga madubi ba na ganin komai a tsallaken titi sai madara. Ban san lokacin da yake zuwa ba, ban san lokacin da yake tafiya ba, ban ma san ko yana tafiya ba. Aminiyar da na yi wa wannan wahala!

Sanarwa

Ni Verna babu ruwana da abin da zai same ka in ka bi matakan nan. Rufin da ya yoyo, ƙofar gareji da ta karye, batir da ya mutu, akwatin wasiƙar maƙwabta, duk naka ne. In wata Bernice ta kama ka, kada ka ambaci sunana, ka ci abin da aka ba ka. Tamu dai ta huce, Toivo ne ke share mata ƙofa yanzu, kuma ya fara ƙiba. In fasto ya tambaye ka wa ya ga tabarsa, ba ka san ni ba. Wanda kuma ya ga wata tsohuwa da tsakar rana a kan tsani a jikin garejin Marlys, da sifana a hannu, tana ƙoƙarin karkatar da wani abu, to tsuntsaye take dubawa.